Abin da ban faɗa wa Lawali a waya ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya bar ni da rai har na iya riƙe biro. Karatuna firamare ne, a garinmu Kahu na yi shi, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa. Na daɗe ina shakkar rubuta wannan, domin akwai maganar jini a ciki, kuma ba a saba mace ta faɗi irin wannan a fili ba. Sai da na tambayi malamarmu ta Islamiyya ko da laifi, ta ce babu, tunda don a tsare wata ne. Na koma na sake tambayarta, ta ce, "Habiba, na ce miki babu."

Sunan mijina Lawali. A gida ban taɓa kiran sunan nan ba, Malam nake cewa, amma a takarda dole in rubuta don a gane. Mutumin Zamfara ne. Ya zo Rurum, kusa da garinmu, wani rani yana gyaran injin ban-ruwa, Baba ya kai masa nasa, daga nan aka saba, har aka yi aure ya tafi da ni garinsu. 'Yarmu ɗaya, Ummi.

Ba zan faɗi sunan garin ba. Da 'yan bindiga suka matsa, malamin asibitin garin ne ya fara tafiya, aka sa wa ƙofar kwaɗo. Ina da ciki wata uku a daminar da suka shigo mana. Da ƙafa muka gudu zuwa garin da ƙaramar hukuma take. Lawali na goye da mahaifiyarsa, Iya, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ni ina goye da Ummi. A hanya na ji marata ta ƙulle. Kafin mu isa makarantar da ake sauke 'yan gudun hijira, zanina ya jiƙe.

A filin makarantar akwai rumfar tamfol da wasu masu agaji suka kafa saboda mata. Ungozomar asibiti ɗaya ce a ciki, ana ce mata Sista, muryarta ta dushe don magana. A layinta akwai masu naƙuda, akwai masu tsohon ciki, akwai kuma 'yan matan da aka karɓo daga daji, waɗanda ba ta yi musu tambaya a gaban mutane, sai ta kama hannunsu ta ja labule. Da ta duba ni ta ce, "Sai haƙuri, cikin ya zube. Amma ina zargin bai fita duka ba. Kayan wankin ciki sun ƙare mini, motarmu na hanya. Ki dawo jibi." Ta ba ni ƙwayar ciwo da audugar mata, ta dafa kaina.

Jibin na koma. Babu rumfa. An tare motarsu a hanya, sai aka janye ma'aikatan. Ramukan turaku ne kawai suka rage a ƙasa, ga mata zaune a layi a cikin rana, daidai inda suka saba zama.

Na gaya wa Lawali cikin ya zube. Ban gaya masa maganar ragowa ba, don na ga abin da ke kansa ya ishe shi. Da aka samu wata babbar mota da za ta bi rakiyar sojoji zuwa Kano, ya ɗora mu ni da Ummi. Iya ba za ta iya zaman mota irin wannan ba, shi kuma ba zai bar ta ba. Ya miƙo mini ƙullin ƙuli-ƙuli ta gefen mota ya ce, "Ki tai wurin su Baba. In hanya ta yi kyau ina nan tahe da Iya." Bayan tahowarmu ba da daɗewa ba aka ɗauke sabis ɗin waya a duk yankinsu.

Makon farko a Kahu, babu wanda ya ga abin tsoro. Inna, mahaifiyata, ta ce ɓari ya fi haihuwa wuya, ta ɗora tukunya ta shiga yi mini wankan ruwan zafi safe da yamma, ga kunun kanwa, ga farfesun kaza. Jinin yana zuwa yana ɗaukewa. Ni kuma abin da ya dame ni a lokacin salla ne. Wannan jinin, na biƙi ne ko na ciwo? In bar salla ko in yi? Idan ya ɗauke da safe sai in yi wanka in rama, kafin la'asar ya dawo, sai in zauna ina tunanin ko waɗanda na yi sun karɓu. Na aika a tambayo mini malamai. Duk sun ba ni amsa a kan sallar, domin a kanta na yi tambaya.

Mako na biyu Gwaggo Tabawa, ƙanwar Baba, ta zo daga Yalwa da karan dafi da wasu saiwoyi. Ta buɗe idona da yatsa ta ce, "Kai, 'yar nan, sai ka ce an wanke ki da sabulu. Sha wannan, jini zai dawo jikinki ko ba ya so." Na sha har haƙorana suka yi ja. Ta ce jinin ɓari yana kai arba'in, wata ma ya wuce, ita da kanta ta yi ɓari uku ba ta taɓa taka asibiti ba. Allah Ya saka mata, da zuciya ɗaya ta zo, kuma kuɗin motarta ta biya. Amma maganar arba'in ɗin nan ta ci mana lokaci.

A makon ne na gaya wa Inna abin da Sista ta ce. Inna ta kai maganar wajen Baba. Baba mutum ne mai tsoron haƙƙi, ina jin a wajensa na gado. Ya ce, "Yarinyar nan amana ce a hannuna yanzu, ba tawa ba ce. Wankin ciki ba allurar zazzaɓi ba ne. In kai matar mutum a buɗe ta ba da saninsa ba, in wani abu ya faru me zan ce masa? A samu Lawali ya ce e, yau ɗin nan sai a tafi."

Gaskiya ban ji haushin maganar ba, domin ni ma abin da ke raina ke nan. Tunda aka kai ni ɗakina ban taɓa fita ko gidan suna ba sai ya ce in je. Ba don yana da tsanani ba, ba shi da shi. Ni ce ba na samun natsuwa sai na ji daga bakinsa.

Yayana Sale direba ne, yana jigila tsakanin Rano da Kano. Shi kaɗai ne bai yarda ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna yana kaɗa makullin mota ya ce, "Wai izinin Bazamfare ake jira? To Habi, in Mala'ikan mutuwa ya zo, shi ma ki ce ya dakata sai sabis ya dawo."

Inna ta ce, "Sale, bakinka!"

Ya ce, "Inna, mota na waje, mai na ciki. Ni dai na faɗa."

Na ce, "Yaya, kwana nawa ne? Zai kira."

Daga nan rayuwata ta koma kan waya. Kullum sai na aika da ita shagon caji, ko da a cike take. A ƙugun zanina nake soke ta. In na shiga banɗaki sai in ajiye ta a kan katanga inda zan ji. Na kira lambarsa har na haddace muryar matar nan da ke cewa ba a samunsa. Wani lokaci ba don in same shi nake kira ba, don dai in ga sunansa ya fito a fuskar wayar. Ummi ta ɗauko yadda yake magana, in an gaishe ta sai ta ce "lahiya lau", yaran gida su yi ta dariya, ni kuma in juya fuskata bango. Na yi kewar ƙamshin baƙin mai da ba ya fita daga hannunsa ko ya wanke. Na yi kewar tarin da yake yi a zaure kafin ya yi sallama, don kada ya firgita ni.

Mako na uku jiri ya fara. In na miƙe sai ɗaki ya juya. Aka kira mai kemis ya yi mini allurar tsayar da jini, tunda wannan a gida ne, Baba bai ga laifinsa ba. Jinin ya tsaya kwana biyu ya dawo da gudaji. Audugar Sista ta daɗe da ƙarewa, na koma ƙunzugu, Inna ce ke wankewa tana shanyawa a bayan rumbu don kada maza su gani. Na tsara abin da zan faɗa wa Lawali in ya kira, na maimaita shi kamar hadda: Malam, jinin bai tsaya ba, an ce akwai saura a ciki, ina neman izini in je asibiti.

A mako na huɗu ya kira. Da hantsi ne, ina kwance a tabarma, Inna na tsince wake a gefena. Baƙuwar lamba ce. Ashe akwai wani tsauni a kan iyaka inda ake kama sabis ɗin wata jiha, maza sukan hau babur su je su yi layi. Iska na kaɗawa a cikin wayar.

"Habi? Habi, ke ce? Kina lahiya? Ina Ummi?"

Na tashi zaune. Sai da ya sake kira na sannan na ce, "Malam, ni ce."

Ya ce Iya na nan da sauƙi, suna ɗaki ɗaya a makarantar da wasu mutum biyu. Ya ce gero ya nuna a gona babu mai iya zuwa yanka. Sannan ya ce, "Kin tuna Malam Garba tela, maƙwabcinmu? Ranar Alhamis ya shiga mota zai Gusau. An kwashe su duka. Hanyar nan ta lalace, Habi." Ya ja numfashi. "Amma jikin naki hwa? Ki gaya mini gaskiya. In da matsala gobe in shigo mota, in bar Iya wurin mutane."

Haddar tana bakina. Na san shi. Ba zai ce in je asibiti ya zauna ba. In ya ji kalmar asibiti, gobe yana cikin mota a kan hanyar da ta ci Malam Garba.

Na ce, "Lafiya ƙalau nake. Na warke."

"Kin tabbata? Muryarki ta yi ƙasa."

"Barci na tashi."

Ya yi dariya ya ce ashe an koma gida an zama 'yar gata, barci har hantsi. Wani ya yi masa magana a bayansa, ya ce masu jira sun yi yawa. Lawali ya ce in shafa masa kan Ummi. Layin ya yanke.

Inna ta ajiye faifan wake. "Ke da kika ce za ki tambaye shi?"

Na ce, "Inna, in na faɗa zai taho."

Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsinta, ina kallon hannunta tana zubar da mai kyau tana barin tsakuwa.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi muni, ba a jiki kaɗai ba. Ga shi ban samu izini ba, ga shi na yi wa mijina ƙarya. In na ce a kai ni asibiti, na fita ba da saninsa ba. In na jira ya sake kira, ko dai in sake ƙarya ko in jawo shi hanya. Na yi ta juya abin nan ban ga ƙofa ba. Zazzaɓi ya shigo da rawar sanyi. Jinin ya canza, ya fara wari. Na riƙa sa turaren wuta a ɗaki don kada a ji, har Gwaggo da ta dawo dubiya ta ce, "Mara lafiya da gayu, ai sauƙi ya samu."

Wata safiya na fito zan shanya rigar Ummi a igiya. Na ɗaga hannu, shi ke nan abin da na sani. Inna ce ta ba ni labarin sauran. Ta ce ta fita zaure ko mayafi babu, ta ce wa Baba, "Malam, in kai ba za ka bayar ba, ni na bayar. Ni na haife ta." Ta ce kafin ta rufe baki Baba ya riga ya sa hula, yana cewa, "A kira Sale. Laifin a wuyana, in Lawali ya zo ni zai tuhuma." Sale ya sauke fasinjojinsa a tashar Rano ya mayar musu da kuɗinsu ya taho.

A asibiti a Rano mun tarar da layin kati har waje. Wata nas ta zo wucewa, ta dube ni a kan benci, ta ja fatar idona, ta ce, "Wannan ba ta layi ba ce, ku ɗauko ta." Ban san sunanta ba, kullum tana cikin addu'ata. Likita ya duba ni ya yi hoton ciki. Maganarsa guda ta zauna mini: "Ragowar ciki ce ta ruɓe a mahaifa. Da kun ƙara 'yan kwanaki, mahaifar za mu cire, in ma mun same ta da rai." Ya tambaye mu yaushe aka yi ɓarin. Da Inna ta faɗa, sai ya cire tabarau ya dube mu kawai, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Wankin cikin da na shafe makonni ina tsoro bai kai daɗewar dahuwar shinkafa ba. Akwai zafi, ba zan ɓoye ba. Amma shi ne abin da Sista za ta yi mini a ƙarƙashin tamfol da motarsu ta iso.

Sai da aka ƙara mini jini leda biyu. Na Sale bai dace da nawa ba, sai ya je tasha ya kwaso abokansa direbobi, aka samu a cikinsu. Da na farfaɗo ya leƙo ɗakin mata daga bakin ƙofa ya ce, "To Hajiya, yanzu jinin direbobi ne a jikinki. Kada mu ji kin fara zagin fasinja." Na yi dariya har marata ta amsa.

Na fi mako a kwance ana yi mini allurai ta hannu. Yawancin magani a waje ake saye. Akuyar Inna ta tafi, gyaɗar Baba ma aka sayar tun ba ta gama bushewa ba, a farashin da shi kansa ba ya son tunawa. Inna a ƙasa take kwana a kan kwali, da ciwon gwiwarta. Ma'aikata kaɗan ne, mata da yawa, in ka kira sai ka jira. Ba na zargin kowa, na ga yadda suke gudu tsakanin gadaje. Ranar sallama likita ya ce mahaifa ta tsira, amma in huta wasu watanni kafin wani cikin, kuma akwai hanyoyin tazara in mun shirya ni da maigida. Na ce to. Ban ce masa maigidan yana inda ko muryarsa sai an hau tsauni ba.

Da malamarmu ta zo dubiya na ba ta labarin izinin, ta riƙe baki. Ta ce, "Habiba, kin aiko kina tambayata salla, me ya hana ki tambaye ni wannan? Ceton rai ba ya jiran izinin kowa. Mijinki ma da kin mutu shi za ki bari da nauyin." Don haka nake roƙon duk macen da ta yi ɓari, jini ya ƙi tsayawa, ko ya yi wari, ko zazzaɓi ya biyo baya: kada ta jira arba'in, kada ta jira waya. Iyaye maza kuma, amanar da suruki ya bar muku rai ce, ita zai so ya tarar. Masu kai agaji wajen 'yan gudun hijira, Allah Ya biya ku da shinkafa da tabarmi, mun ci mun kwanta. Amma naƙuda ba ta san ana yaƙi ba, ɓari ma haka. A taimaka a tsare wa ungozoma hanya, a kai mata kayan aikinta. Ni ina da Kahu, ina da yaya mai mota. Matan da na bari zaune a filin nan ban san inda suka kai nasu jinin ba.

Lawali ya sake kira bayan na dawo gida da kamar mako biyu. Na yi niyyar in ci gaba da ɓoyewa har sai ya zo. Amma wayar a hannun Baba ta yi ƙara, domin shi ya karɓo ta daga caji, kuma Baba ba ya iya kwana da haƙƙin mutum. Ina ji daga ɗaki yana cewa, "Malam Lawali, kafin komai ina neman afuwarka. Na kai iyalinka asibiti ba da izininka ba."

Ya miƙo mini wayar.

"Asibiti? Habi, mi ya same ki?"

Na faɗa masa duka, tun daga rumfar Sista. Na ɗauka layin ya yanke. Sai na ji yana jan hanci.

"Ranar da kika ce barci kika tashi?"

"E, Malam. Ka yafe mini."

"Izini kike jira? Nawa? Habi, ni da zan ba da..." Bai ƙarasa ba. Can ya ce, "Gobe ina tahe. Ko a ƙasa ne."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, "Ban yarda ba."

"Mi kika ce?"

"Na ce ban yarda ka shigo hanyar nan ba. Na warke, wannan karon gaskiya ne, ga Baba ka tambaye shi. Ka zauna da Iya sai an samu rakiya ta ƙwarai. In ka taho aka tare ka, duk abin da na sha ya tashi a banza. Ban taɓa hana ka komai ba, Malam. Yau na hana."

Ina jin mutanen da ke bayansa suna cewa ya yi sauri. Ya ce, a hankali, "To, Habi. Na ji."

An yi girbi an gama. Yanzu ina iya ɗebo ruwa, jiri ya tafi, salla ta daidaita. Yana kira in ya samu hawa tsaunin, wani lokaci a daɗe ba a ji shi ba. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gidanmu sai na tsinci kaina a tsaye, ina roƙon Allah Ya sa shi ne, ina kuma roƙon Allah Ya sa bai taho ba. Har yau bai taho ba. Ya ji maganata.